Mutumin da Ya Haddace Lambar Katin 'Yata

Ƙarfe bakwai saura kwata Sharhabil Usman yake jingine babur ɗinsa a gindin darbejiyar da ke harabar wani ƙaramin asibitin masu ciwon sikila a Malali. Daga Unguwar Dosa yake tahowa. Zai gaisa da maigadi, ya wuce ƙofar ofishinsa kamar ba nasa ba, ya zagaya bayan ɗakin magani inda wani tsohon sito yake. A cikin siton akwai wani baƙin akwati a kan kanta, bai fi batirin mota girma ba, da 'yan fitilu huɗu a gabansa. Zai sunkuya ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Idan duk huɗun kore ne, sai ya ce alhamdu lillahi, ya rubuta kwanan wata a wani littafi da ya rataye da igiya a jikin ƙusa, sannan ya je ya sha shayinsa. Shekararsa goma sha ɗaya a asibitin nan. Shida daga ciki, haka yake buɗe kowace safiya.

Ƙarshen watan nan zai bar mu, an tura shi Zariya ya kafa irin wannan aikin a sabon reshe. Za a yi masa 'yar walima, likita zai yi jawabi, manaja ma zai yi. Ni ban iya tsayawa gaban jama'a ba, murya rawa take mini. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta nawa a hankali.

Sunana Rabi'u, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki nake yi, wato esi, shagona yana Rigasa. Kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: na daɗe ina kishin mutumin nan. Benci ɗaya muka zauna da shi a firamare. Ni nake yi masa lissafi, wallahi, shi yana ba ni rabin ƙosansa. Na tsaya a aji biyu na sakandare na kama sifana na shiga koyon gyara, shi ya wuce. Tun daga nan mahaifiyata, Inna Dije, ta samu waƙa a bakinta. In na makara da safe, "Sharhabil dai ya fita tun ɗazu." In na sa riga mai maiƙo, "Ka taɓa ganin Sharhabil da datti?" Na ce, "Inna, shi fa a ɗaki mai sanyi yake wuni, kuma ni na sanyaya masa ɗakin." Ta ce, "To ai shi ya samo maka aikin." Kuma haka ne. Shi ya kai sunana asibitin aka ba ni kula da esi ɗinsu. Ko wannan alherin sai da na ji haushinsa.

Abin da yake yi a asibitin, mutane da yawa ba su sani ba. Wasu sun ɗauka mai gyaran firinta ne. Ni ma ban gane ba sai ranar da ya kira ni ya ce, "Rabe, gobe ka zo da injin huda bango."

Na ce, "Me za a rataya?"

"Ba rataya ba ce. Waya za mu ja daga ofishina zuwa siton baya."

"Siton da ɓeraye ma suka gaji da shi?"

"Shi fa. Zo ka gani."

Ya nuna mini wata doguwar na'ura a kusurwar ofishinsa, mai gurnani kamar firjin sayar da ƙanƙara. Ya ce saba ake ce mata. Ya ce a cikinta akwai kwamfuta uku, amma ba su da gangar jiki, ba za ka taɓa su da hannu ba.

Na ce, "Aljanu kake kiwo kenan."

Ya yi dariya. "Gidan haya ne, Rabe. Gini ɗaya, ɗaki uku. Ɗaki ɗaya katin marasa lafiya ne a ciki, ɗaya sakamakon gwajin jini, ɗaya lissafin magani. Duk yaron da aka taɓa kawowa nan, tarihinsa yana cikin ɗakunan nan."

Sai ya tuna mini da mai hoton da yake zuwa makarantarmu ƙarshen shekara, wanda yake cewa kada kowa ya motsa. Ya ce shi ma haka yake ɗaukar hoton ɗakunan nan uku, yadda suke a wannan daƙiƙar, komai da komai. In wani abu ya lalace, sai a ɗauko hoton a sake gina ɗakin daidai yadda yake. Amma dole rumbun bayanan ya tsaya cak kafin a ɗauka. In wata nas tana tsakiyar rubuta sunan magani aka ɗauka, hoton zai fito da rabin magana. Don haka ya saita abin ya riƙa ɗauka lokacin sallar azahar, sa'ad da kowa ya tashi daga kan kujera, da kuma bayan an tashi aiki da yamma.

Na ce, "To ai ka gama. Wayar ta mece ce?"

Ya ce, "Da can a cikin sabar ake ajiye hotunan. Ka ɗauki hoton gidanka, ka rataye a falon gidan. Ranar da gidan ya kama da wuta, ina hoton?"

Haushi na ji, don maganar ta shige ni, kuma ba daga bakina ta fito ba.

Kwana uku muka yi. Na huda bango biyu, muka haƙa siririn rami a tsakar harabar, muka zura waya a cikin bututu muka binne. Shi ya share siton da hannunsa, ya sa raga a taga saboda ɓera, ya sa aka kafa kanta sama da ƙasa sosai saboda ruwan damina. Ya zura faifan ajiya huɗu a cikin baƙin akwatin, ya haɗa su yadda ko ɗaya ya mutu, sauran ukun za su riƙe komai har a sauya shi. Fitilu huɗun nan nasu ne. Ya ba akwatin batirinsa daban, da layin wutarsa daban. Ya zauna da biro da takarda ya tsara yadda ba zai cika ba: hotunan kullum a riƙe na mako biyu, na ƙarshen mako a riƙe na wata uku, na ƙarshen wata a riƙe na shekara, sauran su riƙa gogewa da kansu. Sannan ya kulle shi yadda ko sabar ta haukace, ba za ta iya miƙo hannu ta goge abin da ke ciki ba.

An yi masa dariya. Manaja ya yi ta jan ƙafa kafin ya yarda, yana cewa na'ura ba ta taɓa mutuwa ba, mene ne na tayar da hankali. Nas-nas suka sa wa siton suna ɗakin amaryar Sharhabil. In ya nufi can da safe sai su ce, "Ango, a gaida ta." Ya ce, "Za ta ji." Ni ma na taya su dariyar, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne aikinsa na ranar Alhamis. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da aka yar, ya gyara ya ajiye a siton. Duk Alhamis bayan la'asar sai ya ɗauko hoton jiya daga akwatin, ya tayar da ɗakunan nan uku a cikin tsohuwar kwamfutar, ya buɗe katin mara lafiya guda ya karanta daga sama har ƙasa. Na taɓa ce masa, "Kai kam ba ka gajiya? Fitila ta ce kore, me kuma kake nema?"

Ya ce, "Fitila ta ce an ajiye. Ba ta ce zai dawo ba."

A shekarar ce aka gano 'yata Safiyya tana da sikila, tana da shekara ɗaya, aka buɗe mata kati a asibitin. Sharhabil ya same ni ina wanke esi ya ce, "Rabe, ka yarda in riƙa gwajin Alhamis da katin Safiyya? Ba na son in riƙa buɗe na 'ya'yan mutane ba izini." Na ce, "Yi mana," ko juyowa ban yi ba. Na manta da maganar gaba ɗaya.

Yanzu ga nawa laifin, wanda shi ne dalilin rubutun nan.

Shekara uku da suka wuce aka sayo sabon esi don ofishinsa. Na duba bangon, na ga wurin da ya fi sauƙin fitar da bututu shi ne daidai saman sabar. Ina kan tsani ya shigo, nas biyu na biye da shi. Ya ce, "Rabe, kada ka kafa shi nan. In ruwansa ya zubo fa?"

A hankali ya faɗa. Amma a gaban mata ya faɗa, kuma a kan sana'ata. Na ce, "Malam, na taɓa koya maka danna kwamfuta? Esin da na kafa ba ya yoyo."

Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce, "To, injiniya. Kai ka sani." Na kafa shi a nan. Na san yana da gaskiya tun ina ɗaure kusoshin. Na ƙi saukewa ne kawai don kada a ce shi ya gyara mini.

Shekara biyu ba abin da ya faru, har na fara yi masa gori.

Bara, cikin bazara, a watan da zafi yake sa kwalta laushi, Safiyya ta wayi gari ranar Litinin jikinta ya saki. Tafin hannunta fari fat, idanunta sun yi ɗorawa. Na ɗauko ta a babur, mahaifiyarta Rahmatu ta riƙe ta a baya tun daga Rigasa har Malali. Likita ya duba ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata yau.

To Safiyya ba kowane jini jikinta yake karɓa ba. An taɓa ƙara mata wani tana da shekara uku, rukuninsu ɗaya, amma jikinta ya ƙi shi, ta kusa tafiya. Likitan wancan lokacin ya bincika, ya rubuta a katinta irin jinin da ba za a sake ba ta ba. Ya faɗa mini sunan abin, wasu haruffa ne na Turanci, ban riƙe ba. Takardar da ya ba Rahmatu ta ɓace lokacin da muka tashi daga tsohon gida. Shi kuma likitan ya bar garin tuntuni. Sabon likitan ya ce irin wannan abin gwajin yau ba lallai ya nuna shi ba, tsohon rubutun ake bi. Ya juya ga kwamfutarsa ya ce, "Ba ni lambar katinta."

Kafin in laluba aljihu, nas ta ce, "Likita, kwamfuta ba ta buɗewa tun safe. Ko'ina a asibitin."

Na fita da gudu zuwa ofishin Sharhabil. Tun daga ƙofa na ga ruwa kwance a ƙasa. Na ɗaga kai. Esina ne yake ɗiga, ɗis, ɗis, a kan sabar. An bar shi a kunne tun Asabar kamar kullum, don na'urar ba ta son zafi. Zanzaro ya gina gidansa na laka a bakin bututun da ruwa ke fita ta waje, ya toshe shi, ruwan ya dawo ciki. Kwana biyu yana zuba. Gurnanin nan da na saba ji ya ɗauke, sai warin ƙonewa.

Na jingina da ƙofa. Da hannuna na kashe katin 'yata, don kawai kada a gyara mini magana a gaban nas biyu.

Sharhabil ba ya ofishin. Yana siton baya, ya riga ya kunna tsohuwar kwamfutar. Ya ji shigowata bai juyo ba.

Na ce, "Sharhabil, Safiyya ce. Jini za a ƙara mata."

A nan ya juyo. Ya dube ni sau ɗaya. Ya ce, "Hoton Asabar da yamma nake tayarwa. Ɗakin kati zan fara. Minti arba'in. Je ka gaya wa likita kada a rataya komai sai na zo. Sannan ka dawo ka riƙe mini fankar nan, siton ya yi zafi."

Na je na dawo. Na riƙe 'yar fanka ina nuna ta ga tsohuwar kwamfutar, wani koren layi yana tafiya a fuskarta kamar ba ya so. Na ce, "Ni ne fa. Esin nan..."

Ya ce, "Rabe, ɗaga fankar sama kaɗan."

"Ka ce kada in kafa shi a wurin."

"Na ce ɗaga fankar, hannunka na rawa."

Da layin ya cika, wurin rubuta lamba ya fito. Na laluba aljihuna, katin yana jakar Rahmatu. Zan fita ɗaukowa, sai na ji ƙarar maɓallai. Ya riga ya rubuta. Daga ka. Hoton Safiyya ya fito, da kitson da aka yi mata na sallah, da duk tarihinta a ƙasa. Shekara biyar yana buɗe katin nan duk Alhamis. Ni ubanta ban san ko lamba ɗaya a ciki ba.

Ya kwafi layin da ake nema a takarda, ya ruga da kansa. Likita ya karanta, ya kira mai gwajin jini, suka dubi ledar da aka riga aka ware mata. Mai gwajin ya mayar da ita cikin firji, ashe irin jinin da aka hana ba ta ne. Aka aika neman wata. Kafin la'asar aka samu wadda ta dace. Da yamma Safiyya ta buɗe ido ta ce tana son lemo.

Kafin a tashi aiki ranar, duk ɗakunan uku sun dawo a cikin tsohuwar kwamfutar da aka yar, kuma a kanta asibitin ya yi aiki har mako biyu. Yara sama da dubu ne a cikin katunan nan. Ba wanda nasa ya ɓata.

Washegari manaja ya tara mu. Ransa a ɓace ya ce, "Wa ya jawo wannan?"

Na buɗe baki. Sharhabil ya riga ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, zanzaro ne ya toshe bututu. Kuma shekara biyu ina ganin esin nan a saman na'ura ban matsar da ita ba. Sakacina ne."

Manaja ya yi faɗa ya gaji, aka watse. A waje na tare shi na ce, "Me ya sa? Laifin ma sai ka ƙwace mini?"

Ya ce, "In aka kore ka, wa zai riƙa wanke mini esi? Je ka kashe zanzaronka, injiniya."

To yau na karɓi abina. Jama'a ku sani, ni Rabi'u na kafa esin nan a inda aka ce kada in kafa, kuma girman kai ne ya sa. Manaja, in ka karanta wannan, ga gaskiyar da aka ɓoye maka.

Sharhabil, yanzu da kai nake. Kai ne mutumin da ya yi wa ranar da ba ta zo ba shiri, ana yi maka dariya kana amsa gaisuwar amarya. Kai ne ka tsuguna gaban fitila huɗu fiye da sau dubu, ba wanda ya tafa maka ko sau ɗaya. Mai ajiya a ɗaki na biyu, ɗan Malam Usman. Da can ina kishin rigarka mai tsabta da ɗakinka mai sanyi. Wannan ya wuce, yarinta ce. Yanzu abin da nake kishi ya fi wancan ciwo. Ina kishin yadda ka ji maganata a kan tsani ka haɗiye. Ina kishin yadda hannunka bai yi rawa ba ranar da nawa ya kasa riƙe fanka. Kwanan nan malamar su Safiyya ta tambaye su abin da za su zama in sun girma, ta ce ita irin aikin Baffa Sharhabil za ta yi. Ba ta ce gyaran firji ba. Na yi dariya da aka gaya mini, amma ranar ban ci abinci da daɗi ba. Inna kuwa ba a magana. Yanzu in ta fara, ni nake ƙarasa mata.

Da na ji za ka tafi, na ɗan ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Na ce yau dai za a ga abu ɗaya da bai yi wa ajiya ba, wato shi kansa. Ashe wata takwas kenan kana zaunar da Malama Juwairiyya ta ofishin kati duk Alhamis, ita take tayar da hoton kana kallo hannunka a aljihu. Ashe ka cika littafi guda da rubutun hannu, mataki bayan mataki, ka yi masa kwafi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a sito. Makon jiya na ga ta sunkuya gaban fitilun nan ƙarfe bakwai saura kwata. Ko wannan 'yar ƙofar ba ka bar mini ba.

Na gode. Rahmatu ta ce in ce ta gode, ta ce kuma ka tsaya ka karɓi dambun naman da ta yi maka kafin ka kama hanya. Allah ya saka maka da alheri, ya tsare ka a Zariya, ya haɗa ka da mai esi da ya fi ni jin magana.

Ku kuma da kuke riƙe da amanar bayanan mutane, a asibiti ne ko makaranta ko ofis, ku je ku ga siton nan kafin ku ce aikinku ya kammala. Kada ku ajiye hoton gida a cikin gidan. Ku ware rana ku gwada ko abin da kuka ajiye zai dawo. In kuma wani ya ce muku kada ku kafa abu a wuri kaza, ku sauko daga tsanin, ko da a gaban wa ya faɗa. Ni yanzu duk Alhamis nake zagaya bayan asibitin da 'yar waya a hannu, ina zura ta a bakin kowane bututu.

Lambar katin Safiyya kuwa na haddace ta. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta ba gargada. Amma ka riga ni da shekara biyar, Sharhabil, kuma wannan kam ban ce na yafe maka ba tukuna.